Ƙaramar Jaɓar Asiya: Siffarta da Matsayinta a Dangin Dabbobi



Na tabbata akwai waɗanda suka ga sanarwar laccar nan suka tambayi kansu, me ya haɗa malamin Hausa da jaɓa? Jaɓar ma ba ta gida ba, ta can ƙasashen gabas. Tambayar tana bisa hanya, saboda haka bari in fara da ita. Aikin malamin harshe shi ne bin diddigin sunaye, ya san yadda mutane suke raɗa wa abu suna, da dalilin da ya sa sukan haɗa abubuwa biyu ƙarƙashin suna ɗaya, ko su raba su. To, ilmin rarrabe dabbobi, in an tone shi har ƙasa, aikin raɗin suna ne. Dalili na biyu kuma, an daɗe ana faɗa mana cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar ilmin kimiyya ba, sai dai tatsuniya da waƙa da wa'azi. Gardama ba ta kashe irin wannan magana. Abin da ke kashe ta shi ne a ɗauko wani abu ƙarami mai wuyar bayani, a bi shi daki-daki da Hausa, a ga inda harshen zai kai mu da inda zai cije. Na zaɓi jaɓar nan ne domin ta cika sharuɗɗan biyu: ga ƙanƙanta, ga wuyar sha'ani.

Dabbar da muke magana a kanta masana suna kiranta Suncus etruscus. Wani malamin jami'ar Pisa ta ƙasar Italiya, mai suna Paolo Savi, shi ya fara bayyana ta a rubuce cikin 1822, ya kuma jingina ta ga Etruriya, watau tsohon sunan yankin da ya same ta. Sunan nan yana da ruɗarwa, domin mai jinsa zai ɗauka dabbar Italiya ce. Gaskiya ne ana samunta a kudancin Turai da arewacin Afirka, amma mafi yawan ƙasar da take zaune a Asiya take: daga ƙasashen Larabawa, ta bi ta Iran da Afganistan da Pakistan, ta mamaye Indiya da Siri Lanka, ta dangana da kudancin Sin da Tailan. Da a ce wani masanin Indiya ne ya riga Savi rubutawa, da yau wani suna muke kira. Wannan shi ne darasi na farko game da sunayen kimiyya: sukan gaya maka inda mai raɗin sunan ya tsaya, ba lalle su gaya maka inda dabbar ta fi yawa ba.

Siffarta

Idan aka bi ta nauyi, babu wata dabba mai shayarwa da aka sani a duniya wadda ta kai ta ƙanƙanta. Nauyinta yakan kama daga giram 1.3 zuwa 2.5, matsakaicinsa kuwa wajen giram 1.8. Lissafi irin wannan ba ya zama a zuciya sai da kwatance. Fallen takarda guda, irin wanda akawu yake buga wasiƙa a kai, nauyinsa giram 5 ne. Ashe ke nan sai an tara jaɓa uku a ma'auni kafin su rinjayi fallen takarda ɗaya. Tsawon jikinta, daga kan hanci zuwa gindin wutsiya, bai fi santimita 3 zuwa 5 ba, kamar tsinken ashana, wutsiyar kuma ta ƙara wajen santimita 3. Abokin takararta ɗaya ne, shi ma a Asiya yake: wani ɗan jemage da ke kwana cikin kogunan duwatsu a yammacin Tailan da ƙasar Bama, wanda aka bayyana cikin 1974. Jemagen ya fi ta gajarta, ita kuma ta fi shi rashin nauyi, shi ya sa littattafai suke raba musu sarautar.

Launin gashinta toka-toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa a baya, cikin kuma ya fi haske. Kanta babba ne idan aka gwada da jikin, bakin dogo mai tsini, kullum yana motsi kamar mai neman wani abu da ya ɓace. Idanun ƙanana ƙwarai, ba ta dogara da su ba. Kunnuwan kuwa a fili suke, sun fito daga cikin gashi. Kowace ƙafa tana da yatsu biyar, alhali ɓera huɗu ne cikakku a ƙafarsa ta gaba. A jikin wutsiya, ban da gajeren gashin da ya rufe ta, akwai waɗansu dogayen gasu tsilli-tsilli da suka miƙe a warwatse. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. A gefen haƙarƙarinta kuma akwai 'yan jakunkuna ƙarƙashin fata masu fitar da wari, irin warin nan da kowane Bahaushe ya san jaɓa da shi, wanda ya sa kyanwa takan kashe ta amma ta bar gawar a tsakar gida.

Inda abin yake da ban al'ajabi shi ne yadda rai yake zama cikin jiki ƙarami haka. Kowa ya san kunun da ke cikin ludayi ya fi na cikin tukunya saurin hucewa. Dalili shi ne, gwargwadon ƙanƙantar abu, gwargwadon yawan fatarsa idan aka gwada da abin da ke cikinsa, zafi kuwa ta fata yake fita. Jaɓar nan ludayi ce, mu ne tukunya. Tana zubar da zafin jikinta ba ƙaƙƙautawa, tilas kuma ta mayar da shi, ba ta da hanyar mayarwa sai ta ci. Saboda haka a kowace rana takan ci abin da ya kai nauyinta ɗaya da rabi, har zuwa ninki biyu. Da mutum mai nauyin kilo 60 zai yi irin wannan ci, da sai ya tashi da buhun masara guda tsakanin safiya da wata safiya. In ta yi 'yan sa'o'i ba ta sami abinci ba, rayuwarta tana cikin haɗari.

Wutar da ke ci haka tana bukatar iska, iskar kuma jini ne ke kai ta. Masu bincike a Jamus sun auna bugun zuciyarta cikin 1996, suka ƙidaya har 1,511 a minti ɗaya, watau bugu 25 a daƙiƙa guda. Zuciyar mutum lafiyayye a zaune tana bugawa tsakanin 60 da 100. Numfashinta ma ɗaruruwa ne a minti, yakan doshi 900 in ta ƙure. Zuciyar tata, in aka gwada da girman jiki, ta ninka tamu fiye da sau biyu. To, yaya take yi ranar da sanyi ya tsananta, ko abinci ya yanke? Sai ta yi wani irin dogon suma na 'yan sa'o'i: zafin jikinta ya sauka daga wajen digiri 35 zuwa wajen 12, bugun zuciya ya ragu, ta kwanta kamar matacciya, ta rage cin wutar har lokacin ya wuce, sa'an nan ta yi ta karkarwa har jikin ya koma daidai. Duk da wannan dabara, ba kasafai takan wuce shekara biyu a duniya ba.

Abincinta ƙwari ne: gyare, fara, gizo-gizo, tsutsa, tana. Gyare kuwa a wurinta ba ƙaramin nama ba ne, domin yakan kusa kai girmanta, ga shi da saurin tsalle. Wani masani Bajamushe, Michael Brecht, da abokan aikinsa sun ɗauki hoton farautarta cikin duhu, suka buga sakamakon cikin 2006. Sun tarar da gashin baki take gani. Da ta shafi gyare da shi sai ta gane siffarsa, ta kai masa cizo a gadon baya kusa da kai, cikin abin da bai wuce kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa ba. Da suka ajiye mata gyaren roba, wanda ba ya motsi, ba ya wari, ba ya kuka, sai ta far masa kamar na gaske, amma ta ƙyale sauran tarkacen da suka yi daidai da shi a girma. Wannan ya nuna siffa take karantawa. Hausawa sun ce kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Cikinta kwana 27 ne zuwa 28, takan haifi 'ya'ya biyu zuwa shida, tsirara, makafi, kowane wajen kashi ɗaya bisa biyar na giram. In an tayar da ita daga sheƙa bayan sun ɗan tasa, sai na farko ya kama gindin wutsiyarta da baki, na biyu ya kama na farko, haka har na ƙarshe, su tafi a jere. Turawa da suka ga wannan sun rasa abin da za su kwatanta shi da shi sai ayarin fatake. Wanda ya tashi a ƙauye cikinku mai yiwuwa ya taɓa ganin jaɓar gida tana jan irin wannan ayari a gindin danga.

Jaɓa ba ɓera ba ce

Yanzu mu zo ga rarrabewa, a nan ne kuma malamin harshe yake da abin cewa. Harsuna da yawa sun ɗauki jaɓa wani irin ɓera ce. Jamusawa suna ce mata Spitzmaus, watau ɓera mai tsini. Kalmar Faransanci, musaraigne, ta fito daga Latin, ma'anarta ɓera-gizo. Mutanen Japan ma da sunan ɓera suke kiranta, su ƙara masa siffa. Hausa ba ta yi haka ba. Bahaushe ya ce ɓera ko kusu, ya ce gafiya, ya ce kurege, sa'an nan ya ware jaɓa da sunanta na kanta, wanda bai jingina shi ga kowa ba. Ban ce kakanninmu sun ƙidaya haƙora ba, amma sun lura cewa wannan dabba ba ta ɓarnar rumbu, warinta dabam, bakinta dabam, kukanta dabam. A wannan gaɓa harshenmu ya fi na Jamusawa kusa da gaskiya. Kada dai mu yi saurin yabon kai, domin mu ne muka ce raƙumin dawa, muka ce jakin dawa, har muka kira kifi giwan ruwa. Kowane harshe yana raɗa suna bisa kama, alhali kuwa kama da wane ba ta wane.

Hujjar masana tana cikin baki. Ɓera yana da haƙora 16. Na gaba guda huɗu kamar kurfi suke, ba sa daina tsiro muddin yana da rai, shi ya sa dole ya yi ta gaigayar itace da buhu da ƙwarya don ya rage su. Bayansu akwai giɓi mai faɗi, sa'an nan turame masu niƙa. Bakin jaɓa kuwa cike yake da haƙora masu tsini a jere, ba giɓi, an yi su domin huda ɓawon ƙwaro. Na gaba a sama lanƙwashe yake kamar ƙugiya, na ƙasa ya miƙe gaba, su biyun suna aiki kamar hantsaki. Haƙoran nono tun tana ciki suke zubewa, saboda haka da haƙoran da aka haife ta za ta mutu, in sun cinye shi ke nan. Ƙoƙon kanta, wanda bai kai santimita ɗaya da rabi ba, ba shi da ƙashin nan mai kama da baka da ke ƙarƙashin ido, wanda ɓera da mutum duk suna da shi.

Tsarin da ake bi wajen raɗa wa dabbobi suna ya samo asali daga Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778. Bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, na 1758, shi aka ɗauka mafarin lissafi. Kowace dabba tana da suna biyu, na gida da na yanka, sai dai na gida ake fara faɗa. Sama da gida kuma akwai matakai, kowane ya fi na ƙasa da shi faɗi. A nan Hausa take cijewa, ba don ba ta da kalmomi ba, sai don ba mu zauna mun raba musu aiki ba. Kalmar jinsi, alal misali, mun ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta: jinsin maza da mata, jinsin baƙar fata, jinsin kalma a nahawu, jinsin dabba. Ɗalibin da ya karanta jinsin jaɓa a littafi ba zai san wane mataki ake nufi ba. Domin wannan lacca ga yadda zan yi, ina kuma so a yi mini gardama a kai. Babban mataki in kira shi aji, na ƙasa da shi rukuni, sai dangi, sai gida, sai iri. In iri ɗaya ya ɗan bambanta daga wata ƙasa zuwa wata, kowane kashi in kira shi reshe.

Bisa wannan, jaɓarmu tana ajin dabbobi masu shayarwa. Danginta Soricidae, wanda ya ƙunshi duk wata jaɓa ta duniya, irinsu kuwa ya haura 400. Gidanta Suncus, irinta etruscus. Na tsallake rukuni da gangan domin yana da labari. Shekaru fiye da ɗari masana suna da wani rukuni da suke kira Insectivora, watau maciya ƙwari. Duk wata ƙaramar dabba mai dogon baki da aka rasa inda za a kai ta, sai a jefa ta ciki, har rukunin ya zama kamar ɗakin shirgi. Da aka sami hanyar karanta sinadarin gado, wanda ake kira DNA, sai ɗakin ya watse. Cikin 1998 aka nuna cewa waɗansu daga cikinsu, kamar tanrak ta Madagaska, ba su da kusanci da jaɓa ko kaɗan, danginsu su ne giwa da ayu da rema da dabgi. Waɗanda suka rage aka ba su sabon suna, Eulipotyphla, a cikinsu kuwa akwai jaɓa da bushiya. Ashe 'yar'uwar jaɓa ta kusa a ƙasar Hausa bushiya ce. Bayan bushiya, jemage da kare da doki da saniya duk sun fi ɓera kusa da ita. Ɓera kuwa, a wannan lissafi na masana, ya fi kusa da biri da zomo a kan jaɓa.

Cikin dangin jaɓa kuma akwai manyan sassa uku. Na farko masu jan haƙori, waɗanda suka fi yawa a ƙasashen sanyi da Amurka ta Arewa, jan kuwa sinadarin ƙarfe ne a kan tsinin haƙoran. Na biyu masu farin haƙori, na Afirka da Asiya da kudancin Turai. Na uku wani ƙaramin sashe ne da ba a samunsa sai a Afirka. Tamu tana cikin masu farin haƙori, dogayen gasun wutsiya da na ambata ɗazu kuwa alama ce ta yawancin wannan sashe. Manyan gidajensa biyu ne, Suncus da Crocidura, dukansu an raɗa musu suna cikin 1832. Crocidura kalmar Girkanci ce mai nuni ga wutsiya mai zare-zare. Gida ne mai yawan jama'a, irinsa wajen 200, babu wani gida cikin dabbobi masu shayarwa da ya kai shi. Jaɓar da ke shiga ɗakunanmu 'yar wannan gida ce, Crocidura olivieri, haka kuma wata da aka bayyana cikin 1980 aka sa mata sunan Yankari ta ƙasar Bauchi, Crocidura yankariensis.

Me ya raba gidajen biyu? Haƙori ɗaya a kowane gefe na muƙamuƙin sama. Bayan babban haƙorin gaba akwai waɗansu ƙanana masu tsini ɗaya-ɗaya. Crocidura tana da uku, jimlar haƙoranta 28. Suncus tana da huɗu, jimla 30. Na huɗun nan ƙarami ne ainun, a bakin jaɓarmu sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. A kan wannan ɗan ƙwayar haƙori aka gina katanga tsakanin gida biyu har shekara fiye da ɗari da hamsin. Ni dai a ganina katangar ta yi sirantaka, binciken sinadarin gado kuma ya nuna haka, domin ya bayyana cewa waɗanda aka tara cikin Suncus ba duka ne 'yan kaka ɗaya ba. Na Afirka sun fi kusa da wani gida na Afirka a kan 'yan'uwansu na suna da ke Asiya. Riƙe haƙori na huɗu tsohuwar siffa ce da zuriya dabam-dabam suka gada, ba ta isa shaidar zama ɗaki ɗaya ba.

Savi da kansa bai kira ta Suncus ba, Sorex etruscus ya ce, daga baya aka sauya mata gida. Shi ya sa in kun duba littafi za ku ga an sa sunansa da shekarar 1822 cikin baka biyu. Bakan nan ba ado ba ne, ƙa'ida ce mai cewa an yi ƙaura. Irin wannan ƙa'ida ce nake so masu fassara littattafan makaranta su sani, domin mai gyaran rubutu da bai san ta ba zai share bakan yana zaton ya yi gyara.

Iri ɗaya ko iri huɗu?

Saura tambaya mafi wuya: yaushe za a ce dabbobi biyu iri ɗaya ne? Amsar da aka fi sani ita ce ta Ernst Mayr, ta 1942: iri ɗaya su ne waɗanda suke barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Doki da jaki sukan haɗu a sami alfadari, alfadari kuwa ba ya haihuwa, saboda haka doki iri ne, jaki iri ne. Amma wa zai ɗauko jaɓa mai giram biyu daga tsaunin Siri Lanka, ya kai ta dajin Borniyo, ya zauna jiran ta haihu? Kama ta ma aiki ne. Tarkon ɓera ba ya jin nauyinta, takan shiga ta cinye abin da aka sa ta fita. Sai dai a binne bokiti a ƙasa a jira ta faɗa, ko a bi gindin itacen da mujiya take kwana a tsinci curin gashi da ƙashi da take amayarwa, a tone ƙoƙon kai daga ciki. A wurare da dama ta bakin mujiya aka san akwai ta.

Saboda haka masanan farko da fata da ƙashi suka yi aiki, kowa kuma ya sami 'yar jaɓa a wata sabuwar ƙasa sai ya raɗa mata suna. Cikin 1848 aka bayyana ta Madagaska, madagascariensis. Cikin 1893 Oldfield Thomas na Landan ya bayyana ta Sarawak a tsibirin Borniyo, hosei. Cikin 1917 Cecil Boden Kloss ya bayyana ta kudancin Tailan, malayanus. Cikin 1932 W. W. A. Phillips, wani Baturen Ingila mai aikin gonar shayi, ya bayyana ta tsaunukan tsakiyar Siri Lanka, fellowesgordoni, wadda ta fi duhun gashi, ta kuma ɗan fi girma. Daga baya wani zamani ya zo na masu haɗewa, suka dubi waɗannan duka suka ce bambancin bai taka kara ya karya ba, rassa ne kawai na etruscus. Sa'an nan masu rabawa suka sake karɓar fage, har babban kundin dabbobi masu shayarwa na 2005, wanda Rainer Hutterer na Bon ya rubuta babin jaɓa a ciki, ya jera kowace a matsayin iri mai zaman kansa.

Sinadarin gado ya shiga tsakani, hukuncinsa kuwa bai ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. Binciken da aka buga cikin 2011 ya nuna ta Malesiya da kudancin Tailan iri ce dabam, Kloss ya yi daidai. Na 2012, wanda masanan Siri Lanka suka yi, ya nuna ta tsaunukansu ma iri ce dabam, ba ɗaya take da etruscus da ke zaune a ƙasan tsibirin ba. Amma ta Madagaska, wadda teku ya raba da Asiya, wadda kowa zai yi zaton ita ce ta fi cancantar suna nata, sai ga shi etruscus ce sak, jininta na yankin Indiya ne. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne jiragen fatake ne suka kai ta, cikin kaya. Ba ita kaɗai ta yi wannan tafiya ba. Babbar 'yar gidansu, Suncus murinus, jaɓar gidajen Indiya da Indunusiya wadda Linnaeus ya bayyana cikin 1766, ta bi jiragen ruwa har gaɓar Afirka ta Gabas da tsibiran tekun Indiya.

Wani ma'aikaci zai ce, to, ina ruwan hukuma da wannan jayayya ta malamai? Ruwanta yana nan. Ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, IUCN, da iri take aiki. Etruscus tana ko'ina daga Fotugal zuwa Tailan, an sa ta cikin waɗanda ba a damu da su ba. Fellowesgordoni kuwa ba ta da wani gida a duniya sai 'yan dazuzzukan da suka rage a tsaunukan Siri Lanka, inda gonakin shayi suka cinye mafi yawa, an kuma sa ta cikin waɗanda ke cikin haɗari. In reshe ce kawai, ranar da dajin ya ƙare littafi zai ce ba a yi asarar komai ba, tunda akwai irinta a Italiya. In iri ce, to jami'in gandun daji yana da hujjar da zai rubuta a takarda ya hana sara. Dabbar ba ta sauya ba, dajin bai sauya ba, sunan ne ya yanke ko za a kashe kuɗi a kanta.

Haka abin yake wajen lafiya. Cikin 2022 likitoci a ƙasar Sin suka ba da rahoton wata sabuwar ƙwayar cuta, Langya, wadda ta kama mutum 35 a lardunan Shandong da Henan. Da aka gwada ƙananan dabbobin daji iri 25, a jikin jaɓa aka fi samunta. Mu kuma a nan zazzaɓin Lassa, wanda aka gano cikin 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, babban mai ɗauke da shi wani ɓera ne mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis. Malamin tsabta da aka tura ƙauye, in a rahotonsa duk abin da ya gani ɓera ne, rahoton ba zai amfani likita ba. Takardar faɗakarwa da aka fassara da Hausa aka sa jaɓa inda ake nufin ɓera, ko ɓera inda ake nufin jaɓa, za ta tura mutane farautar dabbar da ba ita ba ce.

Aikin kuma bai kusa ƙarewa ba. A watan Disamba na 2021, Jacob Esselstyn na jami'ar jihar Luwiziyana a Amurka, tare da abokan aikinsa na Indunusiya da Ostareliya, suka buga sakamakon binciken jaɓa 1,368 da aka kama a tsibirin Sulawesi. Sun tarar da iri 21 a tsibirin, 14 daga ciki ba a taɓa ba su suna ba, dukansu 'yan gidan Crocidura. Waɗansu suna da abin da za a kama a raɗa suna da shi, kamar doguwar wutsiya ko duhun ƙafa. Waɗansu kuwa ba su da wata alama da ido zai riƙe, sai sinadarin gado da awon ƙashi ne suka raba su. Da masanan suka zo raɗin suna sai suka kira ɗaya ordinaria, ɗaya normalis, ɗaya mediocris, ɗaya solita, watau gama-gari, da daidai-wa-daida, da tsaka-tsaki, da wadda aka saba gani. Ko Latin, da ake yi mana gori da ita, ta kai inda kalmomi suka ƙare mata.

Shugaba, ina da roƙo guda ga sashen nazarin halittu da namu na harsuna, shi ne mu zauna tare a kan kalmomin nan shida, aji da rukuni da dangi da gida da iri da reshe, a karɓe su ko a kawo waɗanda suka fi su, kafin a sake buga wani littafin kimiyya na firamare. A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.